Shekara 62 ko 70: yadda wani Alhaji da matarsa a Bronx suka warware batun kuɗin ritayarsu

Asalin lamarin

Mutanen nan biyu maƙwabtana ne a Bronx, cikin birnin New York, ƴan asalin Maraɗi, zan ce musu Alhaji da Hajiya kawai. An haifi Alhaji a Fabrairun 1955, Hajiya kuma a Oktoban 1959, an ɗaura musu aure a gida tun 1984. Shi ya fara zuwa Amurka, ya samu takardun aiki a 1992, ita ta biyo shi a 1998, daga baya dukkansu sun zama ƴan ƙasa.

Kuɗin da ake magana a kai shine fanshon gwamnatin tarayya, Social Security, mu a nan soshiyal muke cewa. Tun 1935 aka kafa shi zamanin shugaba Franklin Roosevelt, a 1939 aka ƙara kason matar ma'aikaci da na wadda mijinta ya rasu. Ma'aikaci ana cire mai kashi 6.2 cikin 100 na albashi, kamfani ya ƙara irin haka, sai ka tara maki 40 kafin ka cancanta, kuma ba a samun fiye da maki 4 a shekara, wato dai aikin shekara 10. Yawan kuɗin kuma daga shekaru 35 mafi tsoka ake lissafa shi, in ba ka cika 35 ɗin ba sifiri ake sa maka a gurbin sauran.

Alhaji ya yi shekara 10 yana tuƙa tasi, kuma irin yadda da yawa suka yi, mai cike masa takardar haraji ya ce ya rubuta kaɗan dan kar ya biya da yawa, sai a 2002 ya samu aikin direba a wani kamfani mai albashi a rubuce. Zuwa ƙarshen 2016 yana da shekara 25 a rajista, 10 sifiri. Hajiya ita kitso ta yi a Harlem shekara da shekaru, kuɗi a hannu, ba a rubuta ko dala ɗaya ba, sai a 2011 ta fara aikin kula da tsofaffi a gidajensu.

Maris 2017: ya karɓa yana da 62

Ga wanda aka haifa a 1955, cikar shekarun ritaya 66 ne da wata 2, amma doka ta yarda a fara karɓa tun daga 62 da ragi na har abada. Takardar Alhaji ta nuna in ya jira cikar shekaru zai samu kusan dala 1,400 a wata, in ya karɓa a 62 kuma a yanke mai wajen kashi 25 cikin 100, ya koma dala 1,044.

A majalisar bayan sallar isha kowa abu ɗaya yake ce mai, Alhaji karɓi abinka, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, wa ya ba ka tabbacin za ka kai 70, kuma ai ance asusun ma ƙarewa zai yi. Maganar ƙarewar tana da tushe amma ba yadda ake faɗinta ba, rahoton masu kula da asusun na wancan lokacin cewa yayi rarar kuɗin za ta iya ƙarewa wajen 2034, kuma ko a lokacin harajin da ke shigowa zai biya kusan kashi uku cikin huɗu. Ga kuma gini da ya tsaya a Maraɗi an kai linta ba rufi. Sai ya cike takarda, ya ce wa ƴan ofishin soshiyal zai ajiye aiki, kuɗi suka fara shigowa, shi kuma bai ajiye aikin ba dan haya ba ta jira. Bai yi shawara da Hajiya ba, a ganinsa wannan guminsa ne.

Nuwamba zuwa Disamba 2017: maida kuɗi

Babbar ƴarsu nas ce a wata jihar, ta zo hutun ƙarshen Nuwamba, tana neman wata takarda a cikin gwangwanin biskit ɗin da Hajiya ke tara wasiƙu sai ta ci karo da wasiƙun soshiyal guda huɗu, biyu ko buɗe su ba a yi ba. Ta zauna a ƙasa kan kafet ta karanta tas sannan ta ce, Baba nawa kake ɗauka a shekara yanzu? Ya ce wajen dubu 41. Ta ce Baba kuɗin nan fa duk bashi ne a kanka.

Dalili shine wanda ya karɓa kafin cikar shekaru kuma yana aiki akwai iyakar abin da zai samu, a 2017 iyakar dala 16,920 ce, duk dala 2 da ta haura ana riƙe dala 1. Nashi ya haura da 24,080, rabi shine 12,040, ya ma fi duk abin da za a ba shi a shekarar.

Suka je ofis, aka haɗa su da tafinta kyauta ta waya, ma'aikaciyar ta shimfiɗa musu hanya uku. Ko ya ajiye aikin da gaske ya ci gaba da karɓar 1,044. Ko ya ci gaba da aiki a dinga riƙe kuɗin, kuma ta ce abin da aka riƙe ba ɓata yake ba, in ya kai cikar shekaru za a sake lissafi a rage mai ragin. Ko kuma ya janye buƙatar gaba ɗaya da fom SSA-521, abin da ake yarda sau ɗaya a rayuwa kuma cikin wata 12 na farko, ya maida duk abin da ya karɓa, a ɗauka kamar bai taɓa nema ba.

Alhaji hanya ta farko ya so, ya ce ya gaji da tashin asuba cikin ƙanƙara. Ƴar ce ta ce a janye, tunda ko ta wace hanya kuɗin bana sai an maida. Wata 9 ya karɓa, kusan dala 9,400, kuma sun riga sun zama kwano da katako a Maraɗi. Hajiya ta roƙi uwar adashe aka matso mata da kwasarta ta dubu 5, ƴar ta kawo dubu 3, sauran Alhaji ya cika da ƙarin awanni. Aka miƙa fom ɗin a Disamba.

2018: dabarar da ta riga ta mutu

Wani dattijo a masallaci, haihuwar 1951, ya ba Alhaji labarin yadda shi yayi, ya karɓi rabin kason matarsa kawai yana da 66 ya bar nashi yana girma har 70. Wani kuma ya ce a'a, ka nema ka dakatar nan take, matarka ta dinga karɓa ta kanka kai naka na ƙaruwa. Duka biyun gaskiya suka faɗa game da zamaninsu, amma dokar kasafin kuɗi ta 2015 ta rufe ƙofofin. Nema a dakatar dan mata ta ci ya ƙare daga ƙarshen Afrilun 2016, yanzu in miji ya dakatar kason matar ma tsayawa yake. Zaɓen kason aure kaɗai kuma sai wanda aka haifa kafin 2 ga Janairun 1954, duk wanda ya biyo baya in ya nemi ɗaya an ɗauka ya nemi duka biyun da ya cancanta. Alhaji ya makara da shekara ɗaya da ƴan makonni, ya yi asarar yinin aiki guda a ofis kafin ya yarda.

A wannan shekarar ma aka gwada shigar da shekarun kitson Hajiya. Gyaran rajistar samu yana da wa'adi, shekara 3 da wata 3 da kwana 15 bayan shekarar da aka yi aikin, kitson ta kuwa ya tsaya tun 2010 kuma ba rasit ba takardar haraji. Bai yiwu ba.

Amma a wannan zaman ne aka ji abin da ya juya tunanin gidan. Ƴar ta tambaya ta waya, in Baba ya riga Mama rasuwa me za ta samu? Aka ce ba a haɗa mata kaso biyu, mafi girma a cikin biyun shi za ta riƙe, ƙaramin ya tafi. In miji ya jinkirta bayan cikar shekaru ana ƙara mai kashi 8 cikin 100 duk shekara har 70, kuma wannan ƙarin yana bin matar bayan rasuwarsa. In kuma ya karɓa da wuri, ita ma a daure take da abin da yake karɓa ko kashi 82.5 na cikakken kasonsa, wanda ya fi yawa a ciki. Sai dai yana raye kason mata ba ya wuce rabin cikakken kason miji, jinkiri ba ya ƙara shi, kuma ba za ta taɓa shi ba sai mijin ya nemi nashi.

Hajiya tana jin duk wannan daga kicin. Da daddare ta ce mai, Alhaji ni ban yi boko ba amma na gane abu ɗaya, ranar da ka zaɓa ba taka ce kai kaɗai ba, ni ce zan zauna da ita in Allah ya ƙaddara. Ya yi shiru. Washegari ya ce wa ƴar ta rubuta mai lissafin a takarda da manyan lambobi, ya manna a jikin firij, yana nan har yau gefen kalandar sallah.

2020: maki huɗu na ƙarshe

Zuwa ƙarshen 2019 Hajiya tana da maki 36. Korona ta shigo New York a Maris, ita kuma tana da ciwon suga ga aikin shiga gidajen tsofaffi, yara suka ce ta daina. Tsoron shine ta tsaya a 36 ta rasa kason kanta. Da aka duba sai aka ga maki ba da wata-wata ake ba da shi ba, da jimlar kuɗin shekara ne, a 2020 maki ɗaya dala 1,410, huɗu 5,640, kuma takardar albashinta ta tsakiyar Afrilu ta riga ta wuce haka. Ta zauna a gida da makinta 40 cif, ta koma aiki a Satumba.

Alhaji ya cika 65 a Fabrairun wannan shekarar, lokacin shiga inshorar lafiya ta Medicare. Yana da inshorar kamfani mai ma'aikata da yawa dan haka ya jinkirta sashen da ake biya duk wata ba tare da tara ba.

Nuwamba 2021: Hajiya ta fara karɓa

A nan aka yi akasin na Alhaji da gangan, ita ta karɓa da wuri. Cikar shekarunta 66 da wata 10 ne, cikakken kasonta kusan dala 560, da ragin wajen kashi 29 cikin 100 ya dawo kusan 400. Lissafin shine kasonta ƙarami ne, kuma ranar da ɗayansu ya rasu wannan ƙaramin shi zai ɓace ko ma waye ya riga, ragin da aka yi mata ba ya bin ta cikin kason wadda mijinta ya rasu in dai ta kai cikar shekaru lokacin. Gwiwoyinta ma sun riga sun gaji, ta ajiye aiki a Oktoba dan haka iyakar samu ba ta taɓa ta ba. Ofisoshi a rufe suke ga masu zuwa kai tsaye tun Maris ɗin 2020 har Afrilun 2022, ta waya aka yi komai.

Janairu 2023 zuwa Janairu 2025: lokacin wuya

Alhaji ya wuce cikar shekarunsa tun Afrilun 2021 yana aiki, amma a Disamban 2022 baya ya hana shi zama a mota awa goma, ya ajiye. Saura wata 26 ya kai 70, kuma nan ne shirin ya kusa rushewa. Abin da ke shigowa gidan shine kuɗin Hajiya, da ƙarin tsadar rayuwa na kashi 5.9 da na 8.7 ya kai su wajen 460, sai ɗan asusun ritaya na kamfani da aka raba shi wata-wata, sai yara biyu da suka ɗauki rabin haya, shi kuma yana gadin wani wurin ajiye motoci kwana biyu a sati, wanda ya wuce cikar shekaru ba ruwansa da iyakar samu.

Abu ɗaya ya zo musu ba shiri. Da ya bar kamfani yana da wata 8 ya shiga sashen Medicare na biya, in ya wuce tarar kashi 10 cikin 100 ce kan kowace shekarar da aka makara kuma ba ta sauka. Ya shiga a kan lokaci, to amma tunda ba ya karɓar soshiyal ba inda za a cire kuɗin, sai takardar biya ta zo ta wata uku a haɗe, 164.90 sau uku, kusan dala 495 a watan da ake shirin azumi. Ranar na same shi a zaure da takardar a hannu, ya ce min wallahi gobe zan je in ce su fara biyana, na gaji da miƙa wa ƴaƴana hannu. A lokacin yana da 68 da wata 1, da ya nema zai samu ƙarin wajen kashi 15 maimakon kusan 31. Ba wanda ya yi mai wa'azi, Hajiya ce ta cire awarwaronta biyu na zinare ta ajiye kan tebur ta ce a kai a sayar. Bai sayar ba, bai kuma je ofis ɗin ba, ginin Maraɗi aka dakatar da filasta har shekara biyu.

Fabrairu 2025: sakamako

Ana iya nema wata 4 kafin lokaci, ya cike a Oktoban 2024. An nemi shaidar aure, ta asali ba fotokwafi ba, takardar da aka yi a Maraɗi da Faransanci lokacin da yake nema wa Hajiya biza ita aka kai, aka karɓa.

Cikakken kasonsa ya tashi daga 1,400 zuwa kusan 2,100, wani ɓangare ƙarin tsadar rayuwa ne na shekara takwas, wani kuma shekara 6 na aiki da suka maye gurbin sifiri 6. Jinkirin wata 46 ya ƙara kusan kashi 31 cikin 100, ya zama wajen dala 2,740 a wata. Na Fabrairu a Maris ya shigo, haka suke biya.

Hajiya nata ya kai kusan 486. Da Alhaji ya nema sai kason aure ya buɗe mata, rabin 2,100 shine 1,050, a cire cikakken kasonta na lokacin kusan 682, saura 368. A nan akwai abin da ba su hango ba, sun so ta bar wannan ƙarin sai Agustan 2026, lokacin cikar shekarunta, ta karɓe shi cikakke, amma dokar nan ta in ka nemi ɗaya ka nemi duka ta hau kanta, aka fara ba ta nan take da ragin wata 18, kashi 12.5, ya zama kusan 322. Jimlarta wajen 808, gidan gaba ɗaya kusan dala 3,550 kafin a cire wa kowa 185 na Medicare.

Da a ce ya ajiye aiki a 2017 ya riƙe 1,044, a 2025 kusan 1,370 zai karɓa, kuma in ya rasu Hajiya wajen 1,520 za ta samu. A yadda aka yi kuwa, 2,740 ne a 2025.

Yadda nake ganin lamarin

Abin da ya yi aiki a gidan nan shine babban kaso ya jira, ƙarami ya fara, kuma dalilin ba wayo ba ne, tazarar shekaru ce. In Alhaji shi kaɗai ne, jinkiri daga 66 zuwa 70 ba ya maida kuɗinsa sai ya kai wajen 82 da rabi, in aka haɗa da kason auren da Hajiya ta rasa na wata 39 da take jiran sa ma ya ɗan wuce haka, kuma mai ciwon baya da hawan jini yana da hujja in ya ce ba zai jira ba. Amma kuɗin ba da ransa kaɗai suke tafiya ba, suna nan muddin ɗayansu na raye, ita kuma ta fi shi ƙuruciya da kusan shekara 5, ba ta da wani fansho, ba ta da gida a nan. Wannan ne ƴan majalisa ba su sa a lissafi ba, ba dan mugunta ba, kowa kansa ya auna.

Ban ce kowa ya yi haka ba. Gidan nan sun iya ne saboda yara biyu masu albashi da adashen da bai taɓa karyewa ba, wanda ba shi da waɗannan wata 26 ɗin nan za su kayar da shi, kuma in likita ya riga ya faɗa wa mutum magana mai nauyi game da su duka biyun, ko matar ce mai babban kaso, lissafin daban ne. Janyewar 2017 ma ba ita ce ta cece su ba yadda ƴar take ɗauka, da ya ci gaba da aiki aka riƙe kuɗin zai iya dakatarwa a cikar shekaru ya kai kusa da inda yake yanzu, abin da ya cece su shine bai ajiye aikin ba.

Asarar da ta fi min ciwo ba a gyara ta ba kuma ba za ta gyaru ba, shekara 12 na kitso da shekara 10 na tasi da aka rubuta kaɗan. Harajin mai aikin kansa kashi 15.3 ne, na san yana da zafi a lokacin, amma Hajiya ta tsaya a ƙafa daga safe har dare tana kitsa kan mutane, kuma a takardar gwamnati waɗannan shekarun sifiri ne.

Yanzu suna shirin yin rabin shekara a Maraɗi rabi a nan. Tunda ƴan ƙasa ne kuɗin zai ci gaba da shiga ko suna can, wanda ba ɗan ƙasa ba ne ake iya tsayar wa bayan wata 6 a waje, ya danganta da ƙasarsa. Medicare dai ba ta bin mutum Nijar, dan haka an tsara tafiyar tsakanin ganin likitan sugan Hajiya na Nuwamba da na Mayu, an kuma aika kuɗin filasta a watan jiya.